Baƙo Ɗaya, Masauki Uku

Kiran ya shigo bayan sallar isha'i, ina zaune a ƙofar gida a Tudun Wada ina shan iska saboda an ɗauke wuta. Alhaji ne. Muka gaisa, ya tambayi iyali, sannan ya ce, "Injiniya, daga gobe duk masarar da danshinta ya haura kashi 14 cikin ɗari, a cire kilo biyu a kowane buhu. La'adar dillali kuma a mayar da ita kan buhu, a daina lissafa ta kan kuɗi." Na ce, "To, ranka ya daɗe, an gama." Na ajiye waya ina sane da cewa ba a gama komai ba.

Alhaji ɗan kasuwar hatsi ne, sitonsa yana Kakuri. Da kaka wakilansa kan bazu kasuwannin Saminaka da Soba da Giwa da Maƙarfi, su auna, su biya, su yi lodi. Ni na rubuta masa manhajar lissafin, kuma lissafin nan a wuri uku yake zaune. Akwai na wayoyin wakilai, Android, da harshen kwamfuta na Java na rubuta shi. Akwai na saba, wato kwamfutar da take tattara komai, da Python. Akwai kuma shafin da akawu yake buɗewa a burauza a ofis, da JavaScript. Ka'ida ɗaya ce, amma sau uku nake rubuta ta da harsuna uku. Idan Alhaji ya canja magana, kuma da kaka yakan canja sau biyu a mako, sai in gyara uku, in harhaɗa sabuwar manhajar waya, in roƙi wakilai su sauke. Wanda yake cikin gari ya sauke. Wanda yake ƙauye inda sai an hau tudu ake samun sabis ya ci gaba da tsohon lissafi. Da yamma lambar wakili ta ƙi haɗuwa da ta akawu, a fara kallon juna. An taɓa zargin wani dattijon wakili da cin kuɗi alhali laifin nawa ne, kuma har yau in na tuna ina jin nauyinsa.

A daren nan na yanke shawara. Zan cire ka'idojin gaba ɗaya daga cikin manhajojin uku, in rubuta su sau ɗaya a wani ƙaramin harshe, in saka injin da yake karanta harshen a cikin kowacce. Ka'ida ta zama ɗan fayil da bai fi kilobait kaɗan ba, wanda ko sabis mai sanda ɗaya zai iya jawowa.

Na zaɓi Lua. An ƙirƙire ta a 1993 a jami'ar PUC-Rio ta ƙasar Brazil, aikin Roberto Ierusalimschy da Luiz Henrique de Figueiredo da Waldemar Celes, kuma sunan yana nufin farin wata a harshen Fotugal. Tun asali an yi ta ne don ta zauna a cikin wata manhaja. Manhajar Redis tana ɗauke da ita, Wireshark ma haka, Neovim ma haka, kuma tun 2013 da ita ake rubuta yawancin dabarun da suke bayan akwatunan bayanai na Wikipedia. Na duba QuickJS, ƙaramin injin JavaScript wanda Fabrice Bellard ya fitar a 2019, tunda ɓangare guda na aikina dama JavaScript ne. Abin da ya mayar da ni Lua shi ne lambobi: tun sigar 5.3 ta 2015 tana da cikakkiyar lamba mai bit 64 daban da lamba mai ɗigo, kuma ni da kobo nake lissafi. Na ɗauki 5.4, wadda ta fito a 2020.

Bari in faɗi abin da ake nufi da injin nan, don wanda bai saba ba. Lua ba ta karanta rubutunka layi-layi tana aikatawa. Takan fara juya shi zuwa gajerun umarni da ake kira baitkod, sannan wata na'urar kwaikwayo, wadda ita kanta manhaja ce da aka rubuta da harshen C, ta bi umarnin ɗaya bayan ɗaya. Na'urar tana da ɗakinta, wato lua_State, tana da kayanta, tana da mai shararta da yake kwashe abin da aka daina amfani da shi. To ita ma Java tana da nata injin, wanda a Android ake kira ART, da nata mai sharar. Python ma haka, burauza ma haka. Kakana fatoma ne, yana saukar da fatake a gidansa, kuma abin da na ji ana faɗa game da sana'ar shi ne wahalarta ba a ba da ɗaki take ba. Wahalar tana wajen sanin kayan wa ke hannun wa, wa zai biya in an yi asara, wa zai fassara in baƙo da mai saye ba sa jin harshen juna. Da na shiga aikin nan sai na ga sana'ar kakana na gada ban sani ba.

Makon farko daɗi ne zalla. Na zauna da C kawai a kan kwamfutata. Ka kira luaL_newstate, ka sami ɗaki. Ka loda rubutu, ka kira aiki, ka karɓi amsa. Duk mu'amala tsakanin C da Lua ta kan tari ɗaya ake yi, kamar kwanukan jere a ɗakin amarya: ka ɗora a sama, ka ɗauka daga sama. Kana son kiran aikin lissafi, sai ka ɗora aikin, ka ɗora nauyi, ka ɗora danshi, ka ce a kira da abu biyu. Lua ta kwashe ukun ta ɗora maka amsa. Gurbi 20 kawai aka lamunce maka in ba ka nemi ƙari da lua_checkstack ba, kuma duk kwanon da ka manta ba ka sauke ba yana nan yana jiranka. Na koyi duba lua_gettop kafin kira da bayan kira, in lambobin ba su yi daidai ba in san na bar kaya a hanya. A ranar Juma'a na nuna wa ɗalibar da take sanin makamar aiki a wurina, daga kwalejin kimiyya da fasaha take, na ce mata cikin mako biyu za mu gama. Ta ce, "Allah ya sa, Malam." Wata biyu muka yi.

Android ce ta fara koya mini hankali. Java ba ta magana da C kai tsaye sai ta wata gada da ake kira JNI. Na harhaɗa Lua da kayan NDK, na masu rubuta wa Android manhaja da C, har kashi biyu, na wayoyi masu bit 64 da na tsofaffi masu bit 32, domin wayoyin wakilai irin-irin ne. Ta yi aiki. Na auna buhun gwaji ɗaya, biyu, biyar, lafiya lau. A na shida manhajar ta ɓace daga fuskar waya kamar an hure fitila. Babu saƙo, babu komai. Na sake buɗewa, ta yi aiki sau uku, ta sake mutuwa. A littafin rahoton waya abin da na gani kawai shi ne sigina ta 6, wato manhajar da kanta ta kashe kanta.

Kwana biyu na yi a kan wannan. Ga abin da yake faruwa. Idan kuskure ya auku a cikin Lua, ba ta fita ta ƙofar da ta shiga. Tsalle take yi da longjmp na C, ta dira a wurin da aka shimfiɗa mata tabarma ta ƙarshe, wato lua_pcall mafi kusa. Idan babu tabarma, sai ta firgita, ta rubuta saƙon cewa an yi kuskure ba tare da kariya ba, ta rushe gidan duka. Saƙon kuwa tana rubuta shi ne a mafitar kuskure ta C, wadda a Android ba ta zuwa ko'ina. Ni na kira lissafin a cikin kariya, wannan daidai ne. Amma da amsa ta dawo, sai na karanta ta da luaL_checkinteger, a waje da kariya, kuma shi wannan aikin in bai sami cikakkiyar lamba ba kuskure yake jefawa. Me ya hana shi samu? Alamar rabawa. A Lua 5.4, alamar / kullum lamba mai ɗigo take bayarwa. Ka raba 5000 biyu, ka sami 2500.0, wannan ana iya mayar da shi cikakke ba gardama. Ka raba 5001 biyu, ka sami 2500.5, shi ke nan an mutu. Ashe manhajar tawa lamba mara ma'aurata ce take kashe ta, shi ya sa abin ya yi kama da aikin aljanu.

Gyaran ya kasu biyu. A ɓangaren C na koma lua_tointegerx, wanda ba ya jefa kuskure, sai dai ya gaya maka ko ya samu ko bai samu ba. A ɓangaren ka'ida na koma alamar //, mai rabawa ta zubar da ragowa. Sai tambaya ta taso wadda ba ta injiniya ba ce: ragowar wa za a bar wa? Na kira Alhaji na tambaye shi. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Injiniya, yaushe rabonka da ganin kobo?" Na ce kobo a buhu dubu kuɗi ne, ranka ya daɗe. Ya yi shiru kaɗan ya ce, "A bar wa manomi." Haka aka rubuta: duk abin da za a cire, a zubar da ragowarsa.

Tsallen nan yana da wani haɗari da ya fi wannan, wanda Allah ya sa na karanta kafin ya same ni. Idan Java ta kira C, C ta kira Lua, Lua ta sake kiran Java, Java ta sake taɓa Lua, kuskure ya auku a can ciki, tsallen zai haure ta kan Java ba tare da ta sani ba. Injin Java yana nan yana zaton yana tsakiyar aiki alhali an janye masa ƙasa. Irin wannan ba ya kashe manhaja nan take, sai ta yi tafiya kaɗan ta faɗi a inda ba ruwansa. Haka kuma in Java ce ta jefa nata kuskuren, C ba ta ji, sai ka tambaya da ExceptionCheck bayan kowane kira. Harsuna biyu, kowanne da yadda yake ihu, kuma ɗaya ba ya jin ihun ɗaya.

Masu shara su ne suka fi cin lokacina, kuma su ne suka sa na rushe tsarin farko. Da farko na so in yi gwaninta. Kowane buhu a Java abu ne guda mai ɗauke da nauyi da danshi da sunan mai kaya da hoton takardar awo. Na ce bari in miƙa wa Lua buhun kansa, ta tambaye shi abin da take so. Don yin haka sai ka riƙe abin Java da NewGlobalRef, wato ka gaya wa mai sharar Java kada ya taɓa wannan, yana hannun baƙo. A ɓangaren Lua ka naɗe shi cikin wani ɗan kulli da ake kira userdata, ka rataya masa umarnin __gc, domin ranar da mai sharar Lua ya kwashe shi a saki riƙon. A takarda abin ya yi kyau.

Matsalar ita ce mai sharar Lua ɗan kullin yake gani, 'yan bait kaɗan. Bai san akwai hoto mai nauyi a bayansa a gidan Java ba, don haka ba ya gaggawa. Shi kuma na Java yana ganin kayan sun cika ɗaki amma an ce kada ya taɓa. Kowa yana jiran kowa. Ya fi muni in abin Java shi ma yana riƙe da wani abu na Lua ta luaL_ref, domin a nan an yi zobe: wannan ba zai saki ba sai wancan ya saki, kuma babu mai sharar da yake ganin zoben gaba ɗaya. Ɗalibar ce ta tona asirin. Ta ɗauko bayanan kakar bara ta sa waya ta maimaita lissafinsu ba tsayawa. Kafin mu gama cin masa da miyar taushe da muka aika aka sayo, wayar ta mutu da saƙon cewa teburin riƙo ya cika. Android ba ta yarda a wuce 51,200.

Na gwada faci. Na sa a tilasta wa Lua shara bayan kowane lissafi, abin ya ragu, amma raina bai kwanta ba. Daga ƙarshe na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na daina ba baƙo mabuɗin sito. Yanzu Java ba ta miƙa wa Lua wani abu nata mai rai. Ana kwafe lambobi da rubutu a zuba cikin teburin Lua, ta yi lissafi, ta mayar da teburin lambobi da rubutu, a kwafe su a dawo. Kuma kowane lissafi da sabon ɗakinsa: a buɗe lua_State, a yi aiki, a kira lua_close, komai ya tafi. Ɗakin Lua ƙarami ne, buɗe shi ba ya ɗaukar lokacin da mutum zai lura. Wannan ya kashe maganar zobe, ya kashe maganar Lua ta sake kiran Java, ya kuma kashe wata damuwa ta uku, domin ba a yarda zaren aiki biyu, wato ayyuka biyu da suke gudana tare a cikin manhaja, su taɓa ɗaki ɗaya a lokaci guda ba, kuma yanzu kowane zare da nasa. Wani abokina da yake irin aikin a Abuja ya ce wannan tsarin ragwaye ne. Wataƙila. Ni dai tun ranar ban sake ganin wancan saƙon ba.

Sai haruffanmu. Wannan ya ba ni haushi na musamman, domin ni Bahaushe ne, kuma ban hango shi ba. Wakilai suna da ɗan injin buga rasit na hannu, mai layi haruffa 32. A cikin ka'ida na sa a datse sunan mai kaya da garinsa don su shiga layi. Lua ba ta san harafi ba, bait take ƙirgawa, wato gurbin da kwamfuta take ajiye harafin boko na yau da kullum guda ɗaya. A tsarin ajiye rubutu na UTF-8, ƙ da ɗ da ɓ kowanne bait biyu ne. Ka tambayi Lua tsawon Maƙarfi, ta ce maka 8, alhali haruffa 7 ne. Wata rana almakashin ya faɗo daidai tsakiyar ƙ, rabi ya shiga rabi ya fita. Na miƙa guntun ga NewStringUTF, ƙofar JNI da ake miƙa wa Java rubutu ta cikinta, ita kuma a yanayin gwaji Android tana bincika abin da aka ba ta, ta ga rubutu gurgu, ta kashe manhajar. Da na zurfafa sai na tarar ita gadar JNI ba ma ainihin UTF-8 take karɓa ba, wani gyararren nau'i ne nata, wanda ba ya karɓar haruffa masu bait huɗu yadda kowa yake rubuta su. Ke nan ranar da wani wakili zai saka ɗan hoton dariya a cikin suna, za a sake kwana a nan. Na daina bi ta wannan ƙofar. Yanzu jerin bait nake miƙawa, Java ta fassara da kanta. A cikin Lua kuma utf8.len da utf8.offset nake amfani da su wajen ƙirga da datsa. Ko string.upper ba ta san ƙ tana da babba ba, sai da na rubuta mata ɗan tebur na haruffa huɗu. Sunayen da muke raɗa wa abubuwa a cikin rubutun ma ba sa karɓar harafi mai ƙugiya, dole kuɗi ya zama kudi. Wannan na haƙura da shi.

Sabar ba ta ba ni wuya sosai ba. Akwai laburaren lupa da yake haɗa Python da Lua. Kuskurena ɗaya, na bi ruɗin sauri na ɗora LuaJIT, injin Mike Pall, wanda kowa ya san gudunsa. Amma LuaJIT a kan Lua 5.1 ta 2006 aka gina shi. Bai san // ba, ya ƙi karanta ka'idar tun daga layin farko da ya gan ta, kuma ba shi da cikakkiyar lamba irin ta 5.4. Sunan harshe ɗaya, ɗabi'a daban. Na sauke shi na ɗora 5.4. Lissafin buhu ba tseren doki ba ne.

Burauza ce ta kusa jefa ni a rami na gaske, irin wanda ba ya ihu. Na sami Fengari, wato Lua da aka sake rubutawa da JavaScript, na ji daɗi domin ba sai na harhaɗa komai ba. Gwaje-gwajen buhu ɗaya-ɗaya duk suka wuce. Ranar da na kai wa akawu ya gwada a ofis, ya tara kayan motoci da yawa wuri ɗaya, sai ga jimla ta fito da alamar ragi a gabanta. Ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "Injiniya, yau kuma manoma ne za su biya mu?" Laifina ne, domin masu Fengari sun rubuta ɓaro-ɓaro cewa cikakkiyar lambarsu bit 32 ce, ni ne ban karanta ba. Iyakarta 2,147,483,647. A kobo wannan naira miliyan 21 da ɗoriya ne kawai, kuma da ka haura sai ta zagayo ta baya. Da a waya abin ya faru, a hannun wakili, a gaban manomi, ban san yadda za a ƙare ba. Na ɗauki ainihin rubutun C na Lua 5.4, wanda yake cikin waya da saba, na harhaɗa shi da Emscripten zuwa WebAssembly, tsarin da yake barin rubutun C ya gudana a burauza. Sai a lokacin injin ya zama ɗaya da gaske a gidaje ukun. Jimla kuma da rubutu nake fito da ita daga Lua, ba da lamba ba, domin JavaScript ma tana da nata iyakar.

Bayan duk wannan akwai wata naira goma da ta hana mu barci. Wani lokaci waya da saba su yi daidai, wani lokaci su saɓa da naira goma a kan dubu ɗari. Inji ɗaya, ka'ida ɗaya, bayanai ɗaya. Na zargi gada, na zargi lambobi, na zargi kaina. Ɗalibar ta zauna shiru da biro da takarda, can ta ce, "Malam, cire kashi biyu cikin ɗari sannan ka cire 500, da cire 500 sannan ka cire kashi biyu, ai ba ɗaya ba ne." Daga 100,000, na farko ya bar 97,500, na biyu ya bar 97,510. Na zuba abubuwan cirewa a tebur mai sunaye, ina bin su da pairs, kuma Lua ba ta taɓa yin alkawarin jerin da pairs zai bi ba. Yana iya canjawa daga wannan buɗewa zuwa waccan. Muka mayar da su jeri mai lamba, na ɗaya, na biyu, na uku, muka bi da ipairs. Daga 1 Lua take fara ƙirga, ba daga 0 ba, wannan ma sai da ya ci mini rabin yini a wani wurin. Wanne za a fara cirewa kuma, nan ma sai da aka koma wurin Alhaji.

Abu na ƙarshe kafin mu saki shi ne ɗaure baƙon. Rubutu ne da zai zo ta intanet ya gudana a wayar da ake lissafin kuɗi. Ban kira luaL_openlibs ba, wanda yake buɗe komai. Na buɗe na tushe da na lissafi da na rubutu da na tebur da utf8 kawai, na bar io da os a rufe, na cire dofile da loadfile da load. Wajen lodawa na ce rubutu zalla za a karɓa, ban da baitkod, domin gurɓataccen baitkod yana iya rushe injin. Na rataya ƙugiya da lua_sethook mai ƙirga umarni, in ka'ida ta shiga zagaye marar fita a tsayar da ita, tunda Android in manhaja ta yi daƙiƙa 5 ba ta amsa taɓawa ba takan tambayi mai waya ko a rufe ta. Na ba Lua ma'aunin ƙwaƙwalwa nawa mai iyaka. Kowane fayil ɗin ka'ida kuma yana ɗauke da sa hannun kwamfuta irin na Ed25519 da lambar siga, waya ba ta karɓa sai sa hannun ya inganta, kuma lambar sigar tana fita a ƙasan kowane rasit. Dokar Google Play ta hana manhaja sauko da kod mai gudana kai tsaye daga waje, amma ba ta haɗa da wanda yake gudana cikin mai fassara irin wannan ba, wannan ma sai da na karanta sau biyu.

Muna da fayil guda na gwaji yanzu, lissafai ne da akawu ya yi da hannunsa da kalkuleta, har da Maƙarfi, har da 5001, har da jimlar da ta haura miliyan 21. Kowace sabuwar ka'ida sai ta bi ta cikinsu a waya da saba da burauza, amsoshi uku su zo ɗaya, kafin in sa hannu.

Mun saki ranar wata Litinin. Ranar Laraba da daddare Alhaji ya kira, ya ce kilo biyun nan ya yi yawa, manoman Soba suna kai kaya wurin wasu, a mayar kilo ɗaya da rabi. Na buɗe kwamfuta a kan tabarma, na canja layi ɗaya, da giram nake ajiye nauyi don haka 2000 ta koma 1500. Gwaji ya wuce, na sa hannu, na tura. Da safe dattijon wakilin nan ya kira ni daga kasuwa, hayaniyar masu lodi tana tashi a bayansa. Ya ce, "Ɗana, na ga lambar ƙasan rasit ta koma 2. Shi ke nan, ko akwai abin da zan danna?" Na ce babu, Baba, ci gaba da awo.